Jinyar 'yan sama jannati a doguwar tafiya: Abin da ya kamata ku sani

Idan ciwo ya kayar da mutum a Abakpa da tsakar dare, ko ba komai za a samu mai Keke Napep ya garzaya da shi Asibitin Barau Dikko. Ɗan sama jannatin da zai kama hanyar duniyar Mars ba shi da wannan gata, shi ya sa batun lafiyarsa ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke ci wa masana tuwo a ƙwarya.

Me ke samun jiki a can?

Inda babu nauyi, ƙashi ba ya ɗaukar kaya, sai ya riƙa zaizayewa. Ƙasusuwan ƙugu da ƙafa kan rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsu duk wata, tsoka kuma ta saki. Dalili ke nan mazauna Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ke motsa jiki kimanin awa 2 kullum. Jini da ruwan jiki kan taru a kai, fuska ta kumbura, wasu ganinsu ya ragu. Ga kuma wani haske mai illa da ido ba ya gani, wanda ke fitowa daga rana da sauran taurari, yana ƙara haɗarin ciwon daji. Kaɗaici da ƙarancin barci su ma ba su bar ƙwaƙwalwa ba.

Yaya ake jinya a yanzu?

Tashar tana nisan kilomita 400 ne kawai daga ƙasa. A kowane rukuni ana horar da wasu kan ɗinki, allura da cire haƙori, likitoci kuma na magana da su kai tsaye daga ƙasa. A 2020 aka wallafa labarin wani ɗan sama jannati da na'urar sikanin ta gano gudan jini a jijiyar wuyansa. Da maganin tsinka jini aka yi jinyarsa a can, bisa umarnin likitoci daga Amurka. In abu ya gagara, sai a dawo gida cikin awoyi. Haka aka yi wa Vladimir Vasyutin na Tarayyar Sobiyat a 1985, lokacin da ciwo ya sa aka katse zamansa a tashar Salyut 7.

Me ya bambanta tafiyar Mars?

Zuwa kaɗai na cin wata 6 zuwa 9, zuwa da dawowa kuwa shekara 2 zuwa 3. Wanda ya fi kowa daɗewa a sama a tafiya ɗaya shi ne likitan Rasha Valeri Polyakov, da ya yi kwana 437 a tashar Mir daga 1994 zuwa 1995. Ke nan ba a taɓa gwada jikin ɗan Adam na tsawon lokacin da tafiyar Mars za ta ci ba.

Kumbon da ya yi nisa ba ya juyawa don mutum ɗaya. Saƙo kuma kan ɗauki har minti 22 kafin ya iso duniya, amsa ta ɗauki wasu 22. Wanda zuciyarsa ta buga ba zai jira haka ba. Magunguna da yawa wa'adinsu zai ƙare kafin a dawo. Tiyata ma aiki ce ja, domin jini ba ya gangarawa, dunƙulewa yake yi yana shawagi. Saboda haka dole kumbon ya zama asibitin kansa: likita a cikin tawaga, ƙananan na'urorin gwaji, hanyar haɗa ruwan ƙari daga ruwan sha, da manhajar kwamfuta mai taimakawa wajen gano cuta.

Ina ruwanmu?

Najeriya ta kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999, ta kuma harba tauraronta na ɗan Adam na farko, NigeriaSat-1, a 2003. Ba mu kai ga batun Mars ba, amma matsalar ɗaya ce da ta ƙauyukanmu: maras lafiya a nan, ƙwararren likita a can nesa. Dabarar da ake koya wa wanda ba likita ba ya riƙe na'urar sikanin, ƙwararre na jagorantarsa ta waya, za ta iya ceton mai juna biyu a Birnin Gwari ko Giwa tun kafin wani ya taka Mars.