Mene ne kwaroron roba na mata?

Duk ranar 16 ga Satumba ana jin sunansa a labarai, domin ita ce ranar da aka ware masa a duniya. Wata 'yar jaka ce mai laushi da mace ke sanyawa a cikin farjinta kafin saduwa, don kariya daga juna biyu da cututtuka irin su kanjamau. Zobe biyu gare ta: na ciki yana riƙe ta, na waje yana rufe bakin al'aura. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin farko a 1993.

Idan aka yi amfani da shi daidai, mata 5 cikin 100 ne ke ɗaukar ciki a shekara, na maza kuwa 2. Kuma ba a haɗa su biyun a lokaci guda, domin suna iya yagewa.

Babban bambancin shi ne wa ke riƙe da shi. Na maza sai namiji ya yarda ya sa; matar da ta nemi ya sa kuwa, sau da yawa zargi take jawo wa kanta. Wannan ya sa matan Zimbabwe suka tara sa hannu kusan 30,000 suna neman a kawo musu nasu, aka fara sayar da shi a 1997, daga baya har a shagunan gyaran gashi.

Sai dai ana zuzuta 'yancin da yake ba mace fiye da kima. Zoben waje ba ya ɓoyuwa, don haka dole miji ya sani, kuma ya amince. Ga tsada, ga wuyar samu a kantin magani.