Mai Rainon Yara a Gida Don Kuɗi: Abin da Hukuma ke Nema Gare ta

A da, idan mace za ta tafi gona, ko kasuwa, ko asibiti, ba ta rasa inda za ta ajiye ɗanta. Ga kaka, ga kishiya, ga matar wa, duk a gida ɗaya. Yanzu zama ya sake. Malamar firamare da aka turo daga wani gari ba ta da kowa a ƙauyen da take aiki. Haka ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi. Haka mai sayar da abinci a tasha, wadda ke fita tun da asuba. Saboda haka wata sana'a ta fito. Mace za ta zauna a gidanta, a kawo mata yara da safe, a zo a ɗauke su da la'asar, a biya ta a ƙarshen wata.

Sana'a ce mai kyau. Ba ta bukatar babban jari, kuma matar da ba ta fita tana iya yin ta. Amma da yawa daga cikin masu yin ta ba su san cewa doka ta san da zamansu ba. Iyayen da ke kai yaran ma ba su sani ba.

Wace doka ce?

A shekarar 2003 Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara. A cikinta akwai kashi guda sukutum, kashi na 14, wanda ya yi magana a kan masu raino da gidajen raino. Dokar ta fara aiki kai tsaye a Abuja. Su kuwa jihohi, kowace sai majalisarta ta zauna ta yi tata. Jihar Kaduna ta yi tata a 2018, Jihar Kano ta yi a 2023. Da yake kowace jiha tana gyara wasu wurare don su dace da jama'arta, abin da za mu bayyana a nan shi ne abin da ke cikin ta tarayya. Don jin na jiharku, sai a tuntuɓi ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Wace ce mai raino a idon doka?

Ba duk wadda ta riƙe ɗan wani ce doka ke nufi ba. Abu uku ne, idan suka haɗu sai mace ta zama mai raino a idon hukuma. Yaron bai kai shekara 6 ba. Ana biyanta. Kuma lokacin da take riƙe shi ya wuce awa 2 a rana. Ko da yaro ɗaya ne tak, in dai waɗannan ukun sun haɗu, ana so ta yi rajista.

Uwa da uba ba sa ciki. Dangi na jini, kamar kaka da gwaggo da inna, ba sa ciki. 'Yar rainon da iyaye suka ɗauka tana kula da yaro a cikin gidansu, ita ma hukuncinta daban ne. Maƙwabciyar da aka ce wa, "Don Allah duba mini shi in je in ɗebo ruwa," babu ruwan hukuma da ita. Wannan zumunci ne, kuma babu wanda ya zo ya hana zumunci.

Sai dai a lura da maganar biya. Dokar ta ambaci lada ne, ba ta tsaya ga takardar naira kaɗai ba. Don haka idan an yi jinga cewa duk wata za a auna mata tiya kaza ta gero ko ta masara, kada ta ce ai ba kuɗi take karɓa ba. Gara ta je ta tambaya.

Abin da ake dubawa kafin a ba da takarda

Gwamnatin jiha ce doka ta ɗora wa riƙe littafin sunayen masu raino. Mai son shiga za ta rubuta takardar nema, ta biya kuɗin da aka yanka. Daga nan sai a duba ta, a duba mutanen gidanta, a duba gidan kansa.

Ita kanta, ana so a tabbata ta cancanci a ba ta amanar ƙananan yara. Wadda aka taɓa kamawa da laifin cutar da yaro, ko wadda aka taɓa soke wa rajista, ba za ta samu da sauƙi ba.

Na biyun shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki. Ba ita kaɗai ake tambaya ba. Duk wanda ke zaune a gidan, da duk wanda ke aiki a cikinsa, ana duba ko ya dace ya kasance kusa da ƙananan yara. Wato maigida yana ciki, samarin gida suna ciki, ɗan haya yana ciki. Idan akwai mai shaye-shaye a ɗakin zaure, ko wanda aka san shi da taɓa yara, ana iya hana ta takarda ko da ita mutuniyar kirki ce. Wani zai ce wannan ai rashin adalci ne, me ya haɗa ta da laifin ɗan mijinta? To, a tuna cewa mai raino za ta shiga bayan gida, za ta yi salla, za ta leƙa tukunya. A wannan ɗan lokacin, yaron yana hannun duk wanda ke tsakar gida.

A nan ne muke ba da shawara: kada mace ta fara wannan sana'a sai ta zauna da maigida da sauran manyan gida sun fahimci abin da za ta jawo. Gidan da aka rubuta wa "Ba a shiga" a ƙofa, yanzu baƙi za su riƙa shigowa, har da ma'aikacin gwamnati. Idan gidan kulle ne, tun wurin rajista sai a roƙi a riƙa turo jami'a mace.

Na uku shi ne gida. Dokar ba ta ce sai gidan siminti ko mai rufin kwano ba. Abin da ta nema shi ne gidan ya dace da zaman ƙananan yara, kuma shi da kayan cikinsa kada su zama haɗari. A ƙauyukanmu, me wannan ke nufi? Rijiya ta kasance da murfi mai nauyi wanda yaro ba zai iya turewa ba. Kada a bar ruwa a buɗe cikin baho ko bokiti, domin yaro mai rarrafe yana iya faɗawa da ka, kuma ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa ya kashe shi, ba tare da an ji kukansa ba. Murhu ya yi nesa da inda yara ke wasa, a kuma kashe garwashi idan an gama girki. Bakin masai ya kasance a rufe. Turken awaki da akurkin kaji su kasance a gefe guda. Katangar da damina ta ci gindinta a gyara ta kafin ta faɗo.

Akwai wani abu da ke kai yara asibiti kullum, amma ba mu daina ba: zuba kananzir ko fetur ko maganin feshi a cikin kwalbar lemo. Yaro bai san karatu ba, kwalba ya sani. Irin waɗannan, da maganin ɓera, da fiya-fiya, da ƙwayoyin maganin manya, wurinsu sama ne, ko cikin akwati mai kwaɗo.

Yara nawa?

Idan an ba mace rajista, hukuma za ta rubuta mata iyakar yawan yaran da za ta riƙe, har ma ana iya rarraba su bisa shekaru. Wajen yanke adadin ana lissafawa da sauran yaran da ke gidan, wato nata na cikinta. Wannan sharaɗin shi ne ya fi cin karo da aljihu, domin kowane yaro ƙarin kuɗi ne. Amma mace baya ɗaya gare ta, hannu biyu. Idan gobara ta tashi a danga, jarirai nawa za ta iya ɗauka a tafiya ɗaya?

Don a sami abin aunawa, Tsarin Ilimi na Ƙasa na 2013 ya ce a gidan rainon jarirai, mai kula ɗaya kada ta wuce yara 10, a ajin nazare kuwa malama ɗaya ga yara 25. Wannan na makarantu ne, inda akwai wasu ma'aikata kusa. Matar da ke ita kaɗai a gida, ga girki ga wanki, ko kusa bai kamata ta kai 10 ba idan masu shan mama ne.

Littafi

Ana so mai raino ta ajiye littafi. A ciki za ta rubuta suna da adireshin kowane yaro, da na duk mai taya ta aiki, da na mutanen da ke zaune a gidan. Idan an sami canji, kamar wani ya tare a gidan ko ta ɗauki sabuwar mai taimako, sai ta sanar da hukuma a rubuce.

Ke da kika yi ajin yaƙi da jahilci, ga inda karatunki zai yi rana. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. Ki ba kowane yaro shafi guda. Bayan abin da doka ta nema, ki ƙara lambar wayar uwa da ta uba, da sunan wanda aka yarda ya zo ɗaukar yaron. Wanda babu sunansa a shafin, ko ya ce shi kawu ne, kada ki ba shi sai kin ji daga bakin iyaye. Ki rubuta in yaron yana da farfaɗiya, ko sikila, ko abincin da ba ya ci. Ki nemi ganin katin riga-kafinsa, musamman allurar ƙyanda da ake yi a wata 9, domin ƙyanda idan ta kama yaro ɗaya a ɗaki, sai ta bi sauran. Ranar da yaro ya faɗi ya ƙuje, ki rubuta, ki kuma faɗa wa uwarsa da bakinki kafin ta gani wurin wanka.

Ranar da mai dubawa ya zo

Dattawa sun tuna da dubagari, wanda idan ya shigo unguwa mata ke rige-rigen wanke randa. Wannan ma kusan haka ne, sai dai shi yara ne damuwarsa. Dokar ta ba jami'in da gwamnatin jiha ta wakilta ikon shiga gidan da ake raino a lokacin da ya dace, ba tsakar dare ba. Zai duba gida, ya duba yaran, ya ga yadda ake ciyar da su da inda suke kwanciya, ya buɗe littafi. An ce a yi wannan aƙalla sau ɗaya a shekara. Hana shi shiga da gangan laifi ne.

Ke ma kina da naki haƙƙin. Kina iya cewa ya nuna miki takardar da ta ba shi izini, kuma dole ya nuna. Wanda ya zo babu takarda, yana cewa a ba shi na goro ya rufe ido, ba aikin hukuma ya zo yi ba. Duk kuɗin da za ki biya, ki karɓi rasit.

Idan an ga kulawar ta yi muni ƙwarai, ko an karya sharaɗi, ana iya soke rajista. Amma sai an sanar da ke a rubuce, an ba ki dama ki kare kanki, kuma kina iya kai ƙara kotu. Idan kuwa ana tsoron yaro zai cutu nan take, hukuma na iya zuwa kotu ta sa a tsayar da rainon ba tare da jira ba. Wadda aka samu tana raino babu rajista, takardar gargaɗi ake fara ba ta. In ta yi kunnen ƙashi ta ci gaba, sannan ya zama laifi.

Inda aka samo tsarin

Wannan kashi na dokarmu ya bi sawun wata dokar yara da Ingila ta yi a 1989. Can sun daɗe da abin, tun 1948 suke rajistar masu raino. Daga 2001 wata hukuma mai suna Ofsted ce ke duba su. A ƙa'idarsu, mace ɗaya ba ta wuce yara 6 'yan ƙasa da shekara 8. A cikinsu ƙananan da ba su isa shiga makaranta ba kada su wuce 3, jariri ɗan ƙasa da shekara 1 kuwa ɗaya tak, sai in da wani dalili kamar tagwaye. Ana binciken tarihin duk wanda ya kai shekara 16 a gidan, ko ya taɓa aikata laifi. Mai rainon kuma sai ta koyi taimakon gaggawa na yara, ta sabunta shi duk shekara 3.

Su ma sun ga inda tsanani ya yi yawa. A 2009 wasu mata biyu 'yan sanda, ƙawayen juna, suna karɓa-karɓa: idan wannan tana bakin aiki, waccan ta riƙe mata ɗiya. Babu ko kwabo tsakaninsu. Sai hukuma ta ce ai wannan ma lada ne, sai sun yi rajista. Jama'a suka yi ca, har gwamnati ta gyara ƙa'idar a 2010, ta cire irin wannan taimakon juna. Ban da haka, masu raino da ke da rajista a Ingila sun ragu daga wajen 48,000 a 2015 zuwa wajen 27,000 a 2023. Ƙarancin abin da ake samu yana cikin dalilai, yawan cike-ciken takardu ma yana ciki.

Mu tamu matsalar ta sha bamban. A ƙauyuka da yawa, mai raino za ta shekara goma ba ta ga jami'i ko ɗaya ba. A ganinmu, idan hukuma na so mata su fito su yi rajista, sai ta sauƙaƙa kuɗin, ta yi takardar da Hausa, ta kuma kawo abin kusa, kada a ce sai an je babban birnin jiha.

Kafin nan, ku iyaye, babu wanda ya hana ku yin aikin mai dubawa da kanku. Kada ku miƙa yaro daga zaure ku juya. Ku shiga ciki. Ku leƙa rijiya, ku ƙirga yaran da ke kan tabarma, ku tambayi su wane ne ke kwana a gidan. Wata rana kuma ku dawo da rana tsaka, lokacin da ba a sa ran zuwanku.