Ƙwaya Ko Zama Da Mai Shawara?

Kwanan baya mahaifiyar wata ɗalibata ta zo makaranta, duk ta rame. Tun da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauye suka dawo nan Shinkafi barci ya ƙaurace mata, ko kwano ya faɗi sai gabanta ya yanke. Ta kwance bakin zane ta nuna mini ƙwayar diazepam da take saye a kemis. Da ɗaya ta fara, yanzu sai uku.

To 'yar uwa, ki sani wannan ƙwaya barci take sawa, ba ta warkar da ciwon damuwa, kuma jiki yana sabawa da ita. Maganin da likita yake rubutawa, kamar amitriptyline ko fluoxetine, daban ne. Akan yi mako 2 zuwa 4 ana sha kafin a ji sauƙi, a kuma ci gaba har wata 6 bayan an warke.

Hanya ta biyu ita ce zama da wanda aka horar, ki faɗa masa abin da ke cin ranki. Na san an raine mu a kan ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wannan ba tonon asiri ba ne. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin zama 5, sau ɗaya a mako. Ana koya miki jan numfashi a hankali in fargaba ta taso, da ɗaukar matsala ɗaya ki warware kafin ki taɓa wata, da komawa sana'arki da zumunci. A Zimbabuwe ma tsofaffin mata Dakta Dixon Chibanda ya horar, suna yin wannan aiki a kan benci.

A ganina, in damuwar ba ta yi tsanani ba a fara da zaman, domin abin da kika koya yana nan tare da ke bayan an gama. Amma wadda ta daina cin abinci, ko take tunanin halaka kanta, a kai ta asibiti ranar nan, a haɗa mata duka biyu. Akwai ƙwararru a asibitin Kware kusa da Sakkwato. Mai ciki ko goyo ta sanar da likita tun da fari.

Ita kuwa baƙuwata, na roƙe ta kada ta yanke ƙwayar rana ɗaya, domin yin haka na da haɗari, sai likita ya rage mata sannu a hankali. Ranar Litinin zan raka ta asibiti.