Kamen Kan Mai Uwa Da Wabi Ba Ya Kawo Ƙarshen Ta'addanci

Duk sanda aka kai hari, bam ne ya tashi a kasuwa ko 'yan bindiga ne suka tare hanya, maganar da ake ji a majalisu da teburin mai shayi ɗaya ce: a kwashe su gaba ɗaya a gama da su, lallashi ya isa. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa ba mai ganin laifinsa in ya faɗi haka. Sai dai akwai masana da aikinsu ke nan, nazarin laifuka da abin da ke rage su, sun kuma daɗe suna bin diddigin irin wannan mataki a ƙasashe daban-daban. Abin da suka gano ba zai yi wa mai fushi daɗi ba, amma ya kamata talaka ya san shi, domin shi ake kai wa harin, shi kuma ake kwasa bayan harin.

A ranar 9 ga Agustan 1971, sojojin Birtaniya suka shiga unguwannin 'yan Katolika a Ireland ta Arewa da asuba, suka kama mutum 342 don a tsare su ba tare da shari'a ba, da nufin karya ƙungiyar 'yan bindiga ta IRA. Jerin sunayen da suka yi aiki da shi tsoho ne, da yawa daga waɗanda aka kama ba ruwansu da ƙungiyar, har sai da aka saki sama da ɗari cikin kwana biyu. A ƙarshen Janairun 1972 jama'a suka fito zanga-zangar ƙin wannan tsarewa a garin Derry, sojoji suka buɗe wuta, mutum 13 suka mutu nan take. Samari suka riƙa tururuwa zuwa IRA, 1972 kuma ta zama shekarar da ta fi kowace jini a rikicin, aka rasa rayuka kusan 500. Sai a 2010 Firaminista David Cameron ya nemi afuwa a kan kisan Derry. Da Gary LaFree na Jami'ar Maryland da abokan aikinsa suka auna manyan matakai shida da Birtaniya ta ɗauka a can, sun ga uku ƙara hare-hare suka yi, ɗaya tak ya rage su.

Wani zai ce ai wannan Turai ce. To, a 2017 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto bayan ta zanta da mutum 495 da suka shiga ƙungiyoyi irin su Boko Haram da Al-Shabab da ƙafarsu. Talauci da rashin aiki da ƙarancin karatu duk sun fito a bayaninsu, fiye da rabinsu ma sun amsa cewa ba su fahimci littattafan addinin da suke iƙirarin karewa ba. Amma da aka tambaye su abin da ya ingiza su a ƙarshe, kashi 71 cikin ɗari suka ce wani aikin hukuma ne, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Sun san yadda Boko Haram take kafin a kashe shugabanta Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Yulin 2009 ba tare da an kai shi kotu ba, sun kuma ga abin da ta koma.

Kowa ya san yadda samamen yake. Motoci su tare bakin layi, a tara samari a zaunar da su a ƙasa, har da ɗan acaɓan da ya tsaya sayen kati da yaron mai shayi da bai gama wanke kofuna ba. Wanda ake nema kuwa tuni ya tsallake katanga. Washegari uwa na tsaye a ƙofar caji ofis da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali, uba na neman wanda zai sayi akuya don a haɗa kuɗin belin da doka ta ce kyauta ne. Gidan nan, ko sun ga baƙuwar fuska tana shiga kango da jarkoki cikin dare, wa za su gaya wa?

Nan asarar take, domin labari ke kama ɗan ta'adda. A 2008 cibiyar RAND ta Amurka ta duba ƙungiyoyin ta'adda 648 da suka yi aiki daga 1968 zuwa 2006. Cikin waɗanda suka ruguje, kashi 43 sulhun siyasa ne ya kawo ƙarshensu, kashi 40 aikin 'yan sanda da na leƙen asiri, ƙarfin soja kuwa kashi 7 kacal. Binciken bai ce a ajiye soja ba, ƙungiyar da ta ƙwace garuruwa dole sai da shi. Amma gano wanda ke kai musu fetur da wanda ke karɓar kuɗin fansa aikin kunne ne, kunnen hukuma kuwa jama'a ce. Tom Tyler, wani masani a Amurka, ya nuna tun 1990 cewa mutane sun fi bin doka da ba hukuma haɗin kai idan sun ga ana sauraronsu, ana kuma yi musu adalci ko da hukuncin bai yi musu daɗi ba. Haka nan bincike ya sha tabbatar da cewa sanin za a kama shi ya fi tsorata mai laifi a kan tsananin hukuncin da ba ya zaton zai same shi.

Mu ma da namu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Abin da muke kuka da shi daga jami'ai shi muke yi idan an yi ihun ɓarawo a kasuwa, a nemo taya da fetur kafin a tambayi sunan mutum. A Maris ɗin 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu ta komawa Kano, bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Duk Arewa ta girgiza, kuma da gaskiyarta. Amma a ƙauyukanmu sau nawa 'yan sa-kai suka tare mutum a kasuwa saboda kamanninsa ko harshensa kawai? Danginsa ba sa mantawa, masu ɗaukar mayaƙa a daji kuma irinsu suke jira.

A Najeriya dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wanda ake nema, ba a ɗauke uba don ɗansa ya gudu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa wanda ke tsare azaba. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu a yawancin laifuka, ko a zargin ta'addanci ma doguwar tsarewa sai da izinin alƙali. Wanda aka take wa haƙƙi yana iya kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ya nemi lauya kyauta a hukumar ba da agajin shari'a.

Jama'a, idan kun ga abin da hankalinku bai kwanta da shi ba, ku sanar da mai unguwa ko jami'in da kuka amince da shi, ku faɗi abin da idonku ya gani, ban da ƙari. Idan an kama wanda ake zargi, ku miƙa shi da ransa, ku kuma bi sawun shari'ar har a yanke hukunci. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a da alƙawarin tsaro, ku tambaye shi mutum nawa aka gurfanar a kotu aka same su da laifi, kada ku tsaya a nawa aka kama.