2.3 Siffofin Tafasa da Yaɗuwarta a Illela

Tafasa, wadda masana ilimin tsirrai ke kira Senna obtusifolia, tana cikin dangin wake. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, amma ta daɗe da zama 'yar gida a ƙasar Hausa. Ganyenta kan fito shida-shida, biyu suna fuskantar juna, kuma sukan rufe da dare. Furenta rawaya ne, kwansonta siriri mai lanƙwasa. A Illela takan tsiro da damina a bakin hanya da burtali, har zuwa Birnin Ƙonni. Da yake dabbobi ba su cika cin ta ɗanya ba, takan mamaye filayen kiwo. Duk da haka, kwaɗonta da ƙuli-ƙuli yakan rufa wa talaka asiri kafin gero ya nuna.