Tashar Kuru: yadda jirgin da ba shi da sitiyari yake zaɓar hanya

In ka duba taswirar tsohon layin dogo na Najeriya, za ka ga layin da ya taso daga Kafanchan ya hau tsaunukan Filato, sai ya rabu biyu a wani ƙaramin wuri da ake kira Kuru. Reshe ɗaya ya bi ta Bukuru ya shiga Jos. Ɗayan, wanda aka fara ginawa a 1958, ya nufi Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Wato duk jirgin da ya taɓa ɗaukar fasinja ko kaya daga Kafanchan ko Jos zuwa Borno ta wannan layi, sai da ya bi ta 'yar tashar nan.

To, direban jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Wa ke juya jirgin?

Amsar tana ƙasa. Kowace ƙafar jirgi tana da leɓe ta gefen ciki wanda ke hana ta sauka daga kan ƙarfe, saboda haka inda ƙarfen ya bi, nan jirgin zai bi. A mararraba akwai wasu ƙarafa biyu masu siririn baki kamar harshe, waɗanda ke motsi tare. In an tura su gefe guda, ɗaya zai manne da ƙarfen layi, ɗayan ya bar rata don leɓen ƙafa ya wuce. Motsin kamar tsawon tafin hannunka ne kawai, amma shi ne bambancin Jos da Maiduguri. Ma'aikacin tasha ne ke yin sa, ba direba ba. In kuwa harshen bai manne sosai ba, ko don tsakuwa ta shiga ko don an sace wani ƙarfe, ƙafafun gaba na iya bin hanya ɗaya na baya su bi wata, jirgi ya kauce.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. Layin guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke. Za ka ce ai in direbobi sun hangi juna sai su taka birki. Ba ya yiwuwa. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya riƙo kamar taya a kan kwalta. Wannan santsin ne ya sa kan jirgi ɗaya ke jan tarago masu yawa da mai kaɗan, shi ne kuma ke hana shi tsayawa da wuri. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana iya tsayawa cikin kamar mita 20 bayan birki ya kama. Jirgin fasinja a wannan gudun yana bukatar mita ɗaruruwa, na kaya ma ya fi haka. (Ka riƙe wannan in za ka tsallaka layin dogo: ko direba ya gan ka, ba abin da zai iya yi sai busa.)

Shi ya sa ake gina ƙananan tashoshi a ƙauye ko da fasinjan wurin ba su da yawa. Ana shimfiɗa gajeren layi na biyu a gefe, jirgi ɗaya ya raɓe ya jira, ɗayan ya wuce. Don kada jirage biyu su shiga tsakanin tashoshi biyu a lokaci guda, tun ƙarni na 19 aka fito da wata dabara a Ingila: sandar izini. Direba ba zai bar tasha ba sai an miƙa masa ita. Daga baya aka haɗa na'urorin tashoshin biyu da wayar lantarki, ta yadda in an zare sanda ɗaya, ba za a iya zare wata ba sai an mayar da ta farko. A ganina, cikin dabarun kiyaye rai kaɗan ne suka kai wannan sauƙi da inganci, don ba ta dogara da ƙwaƙwalwar mutum mai jin barci da tsakar dare ba.

A mararraba irin Kuru aikin ya fi wuya, domin hanyoyi uku ne ke haɗuwa, kowace da izininta. A lokacin da jirage ke zirga-zirga a duk hanyoyin uku, jirgin da ya makara daga Kafanchan yakan iya tsayar da wanda ya fito daga Bauchi, shi kuma ya tsayar da na Jos. In ka taɓa zama cikin jirgi a wata tashar daji, ba mai hawa ba mai sauka, kana ta tsaki, mai yiwuwa wani jirgi ne ke kan hanyarku, direbanku yana jiran ya fito.