Mdou Moctar: ɗan jihar Tawa da situdiyon Sakkwato ya fito da shi duniya

Wanda ya tashi daga Tawa zai je Sakkwato, hanyar da aka fi bi ita ce ya gangaro Tsarnawa, ya shiga Birnin Ƙonni, ya ƙetare iyaka ta Illelar Nijeriya (ba Illela tamu ta jihar Tawa ba). Daga Ƙonni zuwa birnin Shehu ba a kai kilomita 100 ba. Mutanen Dogarawa da Malbaza da Galmi sun san wannan hanya sarai, ta nan albasa take fita, ta nan kuma kaset-kaset ɗin finafinan Hausa da waƙoƙinsu suka riƙa shigowa Nijar shekara da shekaru. Wannan zirga-zirga ce ta haifar da labarin mawaƙin da yau sunansa ya zagaya duniya.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma an fi saninsa da Mdou Moctar. Ba'abzine ne, haifaffen arewacin jihar Tawa, ƙasar Azawak, a tsakiyar shekarun 1980. Gidansu gidan addini ne da ba a maraba da kiɗa, don haka babu mai saya masa jita. Da ya ga makaɗin jita Abdallah Oumbadougou yana kaɗawa, abin ya shiga ransa, sai ya sami katako da wayoyin birkin keke ya haɗa tasa. Bahago ne, da hagu yake kiɗa har gobe.

A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata, domin a nan asirin yake. Situdiyon Sakkwato da Kano na wancan lokaci an gina su ne don waƙoƙin fim, waɗanda ake kira nanaye: fiyano ke ba da amo, na'ura ke buga ganga, murya kuma a bi da ita ta cikin kwamfuta. Manhajar da ke wannan aiki sunanta Auto-Tune. A Amurka aka ƙirƙiro ta a 1997 don gyara muryar mawaƙin da ya kauce wa kari, amma idan aka matsa ta da ƙarfi sai muryar ta riƙa karkarwa tana tsalle daga wannan amo zuwa wancan. Masu situdiyon Hausa wannan karkarwar suka so, suka mai da ita ado. Moctar ya shigo da jitarsa da waƙoƙinsa na Tamashek, aka ɗora su a kan wannan kiɗan rawa, sai aka sami wani abu da ba a saba jin irinsa ba a ƙasar Hausa ko ta Abzin.

Ba a kai kundin kasuwa ba, babu kamfanin da ya buga shi a lokacin. Wayar salula ce ta yi masa talla. Kafin intanet ya wadata, samari kan tura wa juna waƙa ta Bluetooth, ko su kai katin memori wurin masu cajin waya a zuba musu. Direba ya ɗauka a tasha, fasinja ya karɓa a mota, a haka waƙoƙin suka ratsa Nijar suka shiga Mali. Sai dai waƙar da ta yaɗu ta wannan hanya ba ta kawo wa mai ita ko dala, sau da yawa ma sunansa kan ɓace a hanya.

Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, ɗan birnin Portland, yana tattara irin waɗannan waƙoƙi a garin Kidal na arewacin Mali, ya ci karo da wata mai suna Tahoultine. Ya sa ta cikin kundin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, Music from Saharan Cellphones, ya kuma yi ta cigiya har ya gano mai muryar, wato Moctar. Daga nan abubuwa suka bi juna. An fitar da kundinsa Afelan a 2013, wanda aka ɗauka a garin Cintabaraden, aka buga Anar a faifai a 2014. A 2015 ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai da aka shirya a Agadas da harshen Tamashek, labarin makaɗin jita mai neman suna, an ɗora shi a kan tsarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince.

A hankali salonsa ya sake. Ya ajiye Auto-Tune da gangar na'ura, ya kafa ƙungiya: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganga, da Ba'amurke Mikey Coltun a jita mai kauri. Da ƙungiya ya yi kundin Ilana a 2019, sannan Afrique Victime a 2021 a ƙarƙashin Matador, kamfanin waƙa na birnin New York. Maganarsa ma ta yi nauyi. Bayan soyayya, ya shiga zancen halin da Afirka take ciki, da haƙƙin mata, da ɓarnar mulkin mallaka. Kundin Funeral for Justice na 2024 ya fito fili ya tuhumi Faransa, ƙasar da ta daɗe tana kwasar yuraniyom ɗin Arlit alhali ƙauyukan Nijar da dama ba su da wutar lantarki, ya kuma roƙi Abzinawa su riƙe harshensu. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya same su suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida. A wannan zama suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar lantarki, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice.

Masu rubutu a Turai da Amurka sun fi son kwatanta shi da makaɗin jita Jimi Hendrix, su wuce zancen Sakkwato da layi ɗaya. A ganina wannan tauye haƙƙi ne. Muryar da ta fara jan kunnen duniya gare shi, masu situdiyon Hausa ne suka sarrafa ta, da kayan aikin da mu kanmu muke rainawa muna cewa kiɗan fiyano ne kawai. Matasan Dogarawa da Ƙonni masu haɗa waƙa a ƙananan situdiyo su san cewa sana'arsu tana da daraja. Su kuma kula da abu ɗaya kafin su saki waƙa a WhatsApp ko TikTok: su tabbata sunansu yana jikinta, su kuma yi yarjejeniya a rubuce da mai situdiyo kan wanda ya mallake ta.